Mu Bakwai 'Yan Alhamis

Makarantarmu ta Tsafe tana da wani ɗaki da aka rubuta "ɗakin gwaje-gwaje" a saman ƙofarsa, amma in ka leƙa ta taga buhunan taki za ka gani da wata karyayyiyar garma. Wanda duk ya kai aji huɗu zaɓinsa bai wuce adabi da tarihi da aikin gona ba. In kimiyya kake so, sai dai ka so ta a zuci. Ni kuwa likitanci nake so, kuma ba da wasa ba.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba shugabannin makarantu uku suka haɗa kai: namu, da wani dattijo da ke riƙe da wata makaranta a Gusau, da na wata a Bungudu. Gusau na da ɗakin gwaji da malaman kimiyya. Bungudu na da wurin koyon kafinta da haɗa wayar lantarki. Mu kuma muna da gona da malamin gona wanda babu irinsa. Suka ce kowa ya buɗe wa ɗaliban ɗan'uwansa ƙofa. Daga cikinmu aka zaɓi bakwai, har da ni, masu zuwa Gusau duk Alhamis, wasu biyar kuma Bungudu.

Mahaifina bai so ba, don ni ne babba, kuma ƙarfinsa ya fara ja baya. Sai da na yi kwana uku ina durƙusa masa kafin ya ce, "Shekara biyu na ba ka. In ka ci jarrabawa, Allah shi raka taki gona. In ba ka ci ba, ga kalmen nomanka nan tana jiran ka, kuma kak ka sake yi min wagga magana."

Shekara biyun nan mun sha wuya. Lokacin ƙarancin mai ne, motar haya sai an yi sa'a. Sau da yawa a saman buhunan dawa muke tafiya, mu sauka a tasha fari fat, mu taka har makaranta. 'Yan Gusau suna kiran mu "'yan Alhamis", suna cewa muna warin daddawa. Ban damu ba. Ranar da na fara ganin ruwa a kwalba ya juye daga ruwan ɗorawa zuwa ja saboda ɗigo ɗaya tak, na saki baki ina kallo, na kasa ko rubuta amsa. Kafin shekara ta zagayo, masu yi mana dariya sun koma leƙen littafina.

Matsalar ita ce rajistar jarrabawar gama sakandare. Tunda ba mu da ɗakin gwaji, ba a yarda ɗan makarantarmu ya rubuta kimiyya a Tsafe ba. Dole mu bakwai a sa sunayenmu cikin 'yan Gusau. A gabanmu dattijon ya dafa kafaɗar shugabanmu ya ce, "Wannan ba komi ba ne, ka ɗauka an yi." Shi ke nan yarjejeniyar, ko takarda ɗaya ba a rubuta ba.

Shugabanmu kuwa tsohon ɗalibin dattijon ne. Mutum mai furfura a gemu, wanda in ya yi gyaran murya makaranta kan yi tsit, amma in ya ga malamin nan nasa sai ya cire takalmi ya durƙusa. Don haka da lokacin rajista ya zo ya tura sunayen 'yan ajinmu, ya cire mu bakwai, ya zauna yana jiran kira daga Gusau.

Wata guda ya wuce, biyu suka wuce. 'Yan Gusau sun kai hotunansu, mu ba wanda ya nemi namu. Hankalina ya tashi. Na same shi a ofis na ce, "Malam, ko za a tambaya a ji inda aka kwana?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "Ni zan tahi in tambayi wanda ya koya min riƙon alƙalami ko ya cika alkawali? Ku yaran zamani ba ku da ta-ido. Tashi ka ba ni wuri."

Na fita, amma ban haƙura ba. Na sake komawa sau biyu, a na ukun sai da na sha bulala shida.

Shugaban Bungudu shi ba haka yake ba. Gajere ne, mai faɗa, ana yi masa kallon mara kunya, don tun ranar farko ya ce shi sai an rubuta masa sunan kowane yaro an sa hannu. Har dariya aka yi masa, wai takarda tsakanin Musulmi da ɗan'uwansa. 'Yan ajinmu biyar da ke zuwa wurinsa tuni suka ga sunayensu da idonsu.

Wata Alhamis muka tarar an liƙa jerin sunayen masu jarrabawa a allon sanarwa na Gusau. Na bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, na sake bi daga ƙasa har sama. Na kira ɗaya daga cikin 'yan Alhamis ya duba, ko idona ne. Babu ko ɗayanmu. A Tsafe ba mu, a Gusau ba mu. Na zauna a ƙasa nan gaban allon, ina jin muryar mahaifina a kunnena.

Ban shiga aji ba, ban kuma koma gida ba. Na bi hanyar Bungudu, rabi a ƙafa rabi a bayan akori-kura, don na san mutum ɗaya ne zai iya buɗe baki ya yi tambayar. Na iske shi a cikin masu fere katako, na faɗi gabansa ina kuka kamar ƙaramin yaro. Bai lallashe ni ba. Ya ce, "Na gaya musu! Na gaya musu sunka ce ba ni da kara!" Ya ɗauko babur ɗinsa ya ce in hau, sai Tsafe wajen shugabanmu.

Washegari ya tilasta wa shugabanmu ya zo, muka haɗu a gidan dattijon a unguwar Damba da ke Gusau. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Gaisuwa kawai ta ci kusan rabin awa: ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, ina 'yan makaranta. Ni ina bakin ƙofa, ina roƙon Allah wani ya zo kan magana. Shugabanmu kansa na ƙasa, yana murza tazbaha. Daga ƙarshe na Bungudu ya ture kwanon fura ya ce, "Baba, yaran ga bakwai, mi ya hana a sa sunansu?"

Dattijon ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata ambulan mai ruwan ƙasa, ya zazzage ta a kan tabarma. Takardun rajista ne guda bakwai, sababbi fil, ko ɗigon tawada babu.

"Tun ranar da anka kawo su na ware muku," in ji shi, yana duban shugabanmu. "Ina ta jiran ka aiko da sunaye da hotuna. Da na ji shiru, na zaci kun sake shawara. Na ji nauyin in aika in tambaye ka, kar ka ga kamar ina yi maka shisshigi cikin makarantarka. Kai ma yanzu babba ne."

Shugabanmu ya tsura wa takardun ido. Hawaye ya bi gemunsa.

Na manta da ladabi, na tsoma baki cikin manya. Na ce, "Baba, yanzu in an cika fa? Ga hotona nan a aljihu."

Ya dube ni da tausayi, kuma wallahi na tsani tausayin nan. Ya ce an rufe karɓa mako shida da suka wuce, sai dai baɗi in Allah ya kai mu.

Huɗu daga cikinmu sun samu baɗin. Ni da na isa gida na tarar mahaifina a zaure yana gyaran igiyar shanu. Na faɗa masa komai, har da ambulan ɗin. Ya saurara har na gama, bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya ce, "To, Allah bai nuhwa ba. Gobe da sassahe muna gonar fadama."