Karen da Na Yi Ta Wankewa a Ɓoye

Ni dai ban taɓa son karen nan ba, kuma ba zan zauna yanzu in yi ƙaryar na so shi don ya tafi ba. Ranar da maigidana ya shigo da shi gidanmu na unguwar Ain Khaled a Doha ina tsaye a ƙofar kicin da muciya a hannu. Sai ga wani dogon abu yana bin bayansa, ƙafafu sirara, ciki a lafe, haƙarƙari duk a waje. Na ce, "Baban yara, wannan kuma wace annoba ce?"

Ya ce kare ne na tsere. Wai da shi ake gasar gudu a bayan gari, da ƙarfinsa ya fara ja baya masu shi suka sallame shi, wata ƙungiyar mata masu tattara irinsu ta ɗauke shi. Ya ce sun ba shi ne na gwaji, wata biyu. Bayan nan wata daga cikinsu za ta zo ta duba, in kare yana lafiya ya zama namu, in ba haka ba su tafi da abinsu. Har takarda ya sa wa hannu. Namu fa ya ce, kamar an tambaye ni.

Gidan ma wane gida? Ɓangare ne na wani babban gida da aka yayyanka aka zuba 'yan haya, ɗaki biyu da falo da ɗan tsakar gida da shanya ma da ƙyar take isa. A garinmu kare ba ya tsallake bakin ƙofar ɗaki. Abincinsa ƙanzo, makwancinsa gindin rumbu. Amma wannan, daga zuwansa ya haye kushin ɗina ya miƙe ƙafafu, maigida na tsaye yana murmushi. Ya raɗa masa suna ma. Ban kira sunan ba a lokacin, yanzu ma ba zan kira ba.

Murmushin nan shi ya fi ƙona min rai, kuma sai na faɗi dalili. Wata biyar kafin nan mahaifiyarsa ta rasu a gida, kafil ɗinsa, wato mai kamfanin da ya kawo shi ƙasar, ya hana shi hutu. A waya ya kalli yadda aka binne ta. Tun daga ranar mutumin nan ya rufe baki. Ya tafi Lusail inda yake gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a otal-otal, ya dawo, ya ci abinci, ya kwanta. Ni nas ce, da hannuna nake auna jininsa ina ganin yana hawa. Na lallashe shi, na yi faɗa, na yi azumi, na kira fasto har gida, duk a banza. Sai ga kare, cikin mako ɗaya ya buɗe masa baki. Da asuba su fita yawo, da yamma ya zauna a ƙasa yana ba shi labarin karnukan farautar babansa. Ni da na yi shekara ashirin da huɗu ina tuƙa masa tuwo ban samu kalma goma a wuni ba, kare ya samu hira har da dariya. Kishi na ji, ba wani abu ba.

Karen ya zo da susa. Fatarsa a bushe take, in ya girgiza sai ka ga farin amosani ya zubo, kushin ɗina mai duhu ya yi fari fat. Wuni yake yi yana kai ƙafar baya yana kartar wuya, ƙwas ƙwas ƙwas, har cikin kaina nake jin ƙarar. Na ce ƙazuwa ce, za mu kwasa. Maigida ya kai shi wurin likitan dabbobi ya dawo da bayani: ba ƙazuwa ba ce, ba ƙuma, ba kaska. Bushewar fata ce kawai, saboda iskar esi da canjin abinci, kuma irinsu fatarsu ba kauri, ba kitse a ƙarƙashi. A riƙa ɗiga masa man kifi a abinci, a bar shi ya huta da ruwa, wanka sau ɗaya a wata ya isa.

Sau ɗaya a wata! A falona? Na ce a raina, likitan nan bai san wadda ke share gidan ba. Mu da muka tashi, duk abin da ke ƙaiƙayi maganinsa soso da sabulun salo. Haka uwata ta dirje mu muna ihu, kuma ga mu nan da fatarmu. A asibiti ma, me muke yi daga safe zuwa yamma in ba wanki da gogewa ba?

Shi yana fita ƙarfe biyar da rabi, ni sai biyu na rana nake kama aiki. Wajen sha ɗaya sai in ja karen zuwa banɗaki in rufe ƙofa. Duk wanda ya yi bazara a Doha ya san ruwan famfon rana. Tanki na kan rufi yana shan zafi, in ka buɗe sai ka janye hannu. Mu kanmu a bokiti muke tara na wanka ya huce. To ni ban ga dalilin da zan ɓata wa kare ruwan da na tara ba, da na famfon nake yi masa kai tsaye. In goga sabulun salon da na zo da shi daga gida a soso, in dirje shi tun daga wuya har wutsiya, in ɗauraye, in bi da ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da wannan maganin nake goge ƙasan gidan gaba ɗaya, don haka warinsa bai taɓa tona ni ba. In tsane shi da tsohon zane, kafin yamma esi ya busar da shi ƙarau.

Ko sau ɗaya bai yi min haushi ba, bai nuna min haƙori ba. Tsayawa kawai yake yi yana karkarwa, ya kafe bango da ido. Wannan shirun ma haushi yake ba ni. Ina ce masa, "Kai ma ka koyi halin ubangidanka ko? To ku yi ta yi."

Cikin mako biyu fatar ta yi ja. Gashin cinyoyinsa ya fara zubewa, bayan kunne ya tsattsage, inda yake susa ya zama gyambo. Hankalin maigida ya tashi. Ya canja abinci, ya ƙara man kifi, ya je har Al Muntazah wurin wata 'yar Gana mai shago ya sayo man kaɗe. Kowace yamma ya zauna ya narka shi a tafin hannu, ya bi kowane tsagu yana shafawa a hankali yana ba kare haƙuri. Washegari in ga maiƙo a kushin, in wanke man tas. Ya sake komawa wurin likita. Likita ya tambaye shi sau nawa ake yi wa karen wanka, ya ce sau ɗaya tun zuwansa, don iyakar saninsa ke nan. Aka kankari fatar aka auna, ba a ga komai ba.

Ranar muna cin abinci ya ajiye lomar da ya ɗauka ya ce, "Maman yara, ke da kika san aikin jinya, me nake yi ba daidai ba? Saura mako uku matar nan ta zo. Ko hannuna ne ba shi da kyau?"

Na ce, "Kare ne fa, ba ɗan mutum ba. Ci abincinka."

Kada wani ya ce min rashin sani ne. A farko wataƙila, amma zuwa lokacin na sani sarai. Na ga isassun tsofaffi a gadon asibiti da sabulu mai ƙarfi ya cinye musu fata, ni ce ma nake hana sababbin nas yi musu haka. Na sani, kuma washegari na sake jan shi banɗaki. Haushin kaza ne nake hucewa a kan dami. Kuma can ƙasan zuciyata ina so matar ta zo ta ga abin da zai sa ta kwashe kayanta.

Ta zo ranar Juma'a da la'asar, bayan mun dawo daga coci. Baturiya ce, doguwa, fuska duk rana ta ƙone ta. Ko ruwan da na kawo mata ba ta kalla ba, gaisuwar ma a tsaitsaye, sai ta durƙusa gaban kare tana yi masa magana da 'yar murya kamar jinjiri. Tana ɗaga ƙafarsa ta ga cinyar, fuskarta ta canja. Ta yi ta jero tambayoyi da Turanci, maigida na amsawa, yana ɗauko mata takardun likita da kwalbar man kifi da robar man kaɗe. Ta ce ita dai ba ta gane ba, bushewar fata ba ta kaiwa haka in ana bin abin da likita ya ce. Amma na ga alamar ta fara sassautowa, don ko makaho ya san mutumin nan yana son karen. Har ta fara maganar ƙara masa wata ɗaya.

Sai ta miƙe ta ce tana so ta wanke hannu, man ya ɓata ta. Ni da rawar kaina na wuce gaba, na tura ƙofar banɗaki, na buɗe famfo don zafin ya ragu kafin ta sa hannu.

Ranar na ga gudun da ake faɗa. Ruwan na dukan ƙasa karen ya zabura, ya bangaje tebur, kofuna suka tarwatse, ya cusa kansa bayan kushin inda ko mage da ƙyar za ta shiga. Fitsari ya biyo tayil. Yana wani siririn kuka da ban taɓa jin ya yi ba, kuma ba famfon yake kallo ba, ba baƙuwar ba. Ni yake kallo.

Maigida ya dubi karen, ya dubi ƙofar banɗakin, sannan ya dube ni. Bai daɗe yana kallona ba, amma na san ya gama karanta komai.

Matar ta ce, "Wa ke yi wa karen nan wanka?"

Ya ce, "Ni ne."

Ya ce kullum yake yi masa, da sabulun garinmu da ruwan zafi, wai ya ɗauka ya fi likita sani. Ikon Allah! Mutumin da bai iya ƙarya ko a wasa ba, ya tsaya yana shirya ta daki-daki. Matar nan ta wanke shi tas. Ta ce ya yaudare su, ta ce mugunta ce, ta ce sunansa ba zai sake shiga takardarsu ba. Mutum da furfurarsa, ya sunkuyar da kai a falonsa yana cewa a yi haƙuri. Ina tsaye bakin banɗaki, famfo na zuba, bakina yana nan a jikina, ban buɗe shi ba. Ta ce, "Khalas," wato shi ke nan da Larabci, ta ciro igiya daga jakarta. Karen ya ƙi fitowa. Sai da maigida ya ja kushin, ya sungume shi a ƙirji da fitsarin da komai, ya kai mata shi har mota.

Da ya dawo ya rufe ƙofa sai na fashe. Na ce, "Wa ya ce ka rufa min asiri? Na roƙe ka? Ka faɗa mata ni ce mana! Tun ranar farko na ce ba na son shi a gidan nan, ka mayar da ni bango!" Ina so ya yi ihu, ya zage ni, ya fasa wani abu, in samu abin riƙewa.

Ya tsuguna yana tsince fasassun kofuna. Ya ce, "Kin faɗa, ni ne ban ji ba. Tafiyarsa ma gara, can ba mai ƙona shi." Sannan ya ɗago. "Amma na tambaye ki, Maman yara. Na zauna gabanki na ce ko hannuna ne ba shi da kyau. Kika ce in ci abincina."

Ban ba shi haƙuri ba ranar, girman kai bai bar ni ba. Kicin na shiga na ɗora tukunya, na tuƙa tuwo na kawo masa. Ya wanke hannu ya ci, da ya gama ya ce, "An gode." Bai taɓa yi min godiyar abinci ba a duk zamanmu, ci kawai yake yi ya ce miya ta yi gishiri. Tun daga ranar kuwa, kowane kwano na ajiye masa sai ya ce an gode, kamar baƙon da zai wuce gobe.