Ɗari Ukun Alhaji Haladu Tela

Yatsan nan nawa manuni na hannun dama, da a ce wata Laraba cikin watan Rajab kunama ta harbe shi ya kumbura, da na yi mata godiya. Shi ya yi ɓarnar da zan ba ku labari, kuma shekara shida na yi ina alfahari da ita ban san ɓarna ba ce. Tun ranar da muka kai Alhaji Haladu Tela makwancinsa kuke ce mini, "Malam Shitu, kai ka fi kowa daɗewa da shi, ka rubuta mana wani abu." To ga shi. Ni direba ne, karatuna bai wuce firamare ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Kun dai san shi. Shekara talatin da ɗoriya yana ɗinki a ɗan shagonsa na unguwar Mansur, nan Makka, bai taɓa sayen abu a kuɗin da aka fara faɗa masa ba. In aka ce goma, sai ya dafe ƙirji ya ce, "Innalillahi! Har da shagon za ka haɗa mini?" Sa'an nan ya taya uku. Ko a bakala, kantin kayan masarufi, inda kuɗin kaya ke manne a jikinsu, sai ya taya. Karin maganarsa kuwa ko yaran da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, sun haddace ta: "Wanda bai taya ba bai saya ba, sadaka ya bayar."

Ni na kai shi wurin likitan haƙori ranar da kumatunsa ya kumbura kamar ya ɓoye lemo. Likita ya ce cirewa riyal ɗari da hamsin. Mutumin da tun daga gida ba ya iya buɗe baki, sai ga shi ya miƙe zaune a kan kujerar.

"Ya daktur," ya ce da Larabcinsa na Mansur, "haƙorin nawa ne. Bakin nawa ne. Ciwon ma ni na zo da abina. Kai me ka kawo? Filaya!"

Likita ya yi dariya har ya cire tabarau, ya rage masa ashirin. Da aka gama, Alhaji ya miƙa hannu, bakinsa cike da auduga: "Ba ni haƙorina. Ba da shi muka yi ciniki ba."

To wannan mutumin ne Allah ya haɗa da kasuwar otal ta intanet. Wani ɗan Zariya mai aiki a Ingila ya zo Umra, ya kawo jallabiya a rage masa tsawo, yana jira yana hira, har ya nuna wa Alhaji wani shafi a waya. Tsarin shi ne: ka zaɓi unguwa, ka zaɓi otal mai tauraro nawa kake so, ka rubuta abin da za ka biya a kwana. Ba a gaya maka sunan otal ɗin. In wani otal ya yarda da tayinka, nan take a cire kuɗin daga katinka na banki, sa'an nan a bayyana maka suna. Ba fasawa, ba mayar da kuɗi. In ba a yarda ba, sai ka jira gobe.

Na ce, "Alhaji, wannan ai cinikin biri a sama ne."

Ya ce, "Shitu, birin ma yana da farashi. Kai dai ba ka iya tayi ba ne."

Turancinsa bai kai ya kawo ba, amma ya gane launi. In rubutu ya fito ja, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ya ce albarka," kamar yadda mai kaya ke faɗa a kasuwar gida in tayinka bai kai ba. In kore ne, an sallama ke nan. Kafin kowane tayi sai ya ɗauki allin ɗinki ya yi ta lissafi a kan teburi, ya goge, ya sake. Ban taɓa tambayarsa lissafin mene ne ba. Ni dai sai in ji ya ce, "Yau na taya riyal ɗari da sittin."

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne, in aka ce masa albarka, sai ya ajiye wayar a kan keken ɗinki, ya juya mata baya, ya nufi ƙofa a hankali kamar mai barin rumfa.

"Ina za ka, Alhaji?"

"Yi shiru! Zai kira ni."

Muka yi ta sheƙa dariya. Wallahi rannan yana bakin ƙofa sai wayar ta yi ƙara. Saƙo ne daga shafin, wai in ya ƙara kaɗan za a ba shi ɗaki. Alhaji ya dawo yana taku ɗai-ɗai, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun gani? Bature ne, amma a kasuwa aka yaye shi."

Gwajinsa na farko a watan Safar ne, bayan alhazai sun watse otal-otal sun zama kango. Ya zaɓi tauraro uku, kudancin Makka, ya taya abin da ko kuɗin buhun shinkafa bai kai ba. Sai ga kore! Muka taru muna jiran suna. Can sai ga suna ya fito. Otal ɗin da ke kallon gidansa ne a unguwar Ka'akiyya, tsallaken titi, wanda shi ke yi wa maigadinsa facin wando.

Na ce, "Sai ka bar musu, ka kwana a gadonka."

"In bar musu? Ciniki ya faɗa, Shitu!"

Ya je gida ya haɗa jaka, har da buta. Ya ce wa maiɗakinsa, Hajiya Binta, "Sai na dawo." Ita kuma ta rako shi bakin ƙofa ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Alhaji. A gaishe da mutanen tsallaken titi." Bayan magariba ya kira ta a waya: "Binta, kashe fitilar falo. Ina ganinta daga nan."

Yanzu ga inda nawa laifin ya shigo.

Alhaji yana da yaya a Gusau, Hajiya Rakiya. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta haura saba'in ba ta taɓa zuwa ba, sai a shekarar Allah ya nufe ta da Umra. Gwiwoyinta sun gama aiki, da ƙyar take kai kanta bakin ƙofa. Masaukin da masu kawo su suka tanada yana can ƙarshen unguwar Misfala, tafiyar da mai lafiya ma sai ya yi gumi kafin ya isa Harami. Ina zaune Alhaji ya ce mata a waya, "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Kina zaune za ki ga Ka'aba."

Ya fara tayi: tauraro biyar, unguwar Harami, kwana biyar. Riyal ɗari biyu, albarka. Ɗari biyu da goma, albarka. Duk mako ƙarin goma, kamar mai ɗiga magani a ido. Mako uku ana haka. Saura kwana tara ta sauka, babu ɗaki. Kuma na san ba rashi ba ne. Akwai kuɗi a katin, waɗanda ya daɗe yana tarawa don ya sayi sabon keken surfani, domin tsohon kekensa, wanda muke kira Gwaggo, tari yake yi kafin ya tashi.

Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Tsohuwar nan za ta zo ta tarar da alkawari babu ɗaki. Rowa ce wannan, ba ciniki ba."

Ya ce, "Gaggawa ce ke sa a sayi jaki da kuɗin doki."

Ranar Larabar, bayan la'asar, ya cika komai a shafin, saura wurin rubuta kuɗi, sai ya tuna jiya an ce masa albarka. Ya ajiye wayar a kan Gwaggo ya ce bari ya ja masa rai tukuna, ya fita sayen shayi. Na dubi wayar, wayar ta dube ni. A gefen wurin rubuta kuɗin akwai wani harafi, S, da sanda ta ratsa tsakiyarsa. Na ce a raina S ɗin Saudiyya ce, riyal ke nan. Alhaji yana ɗari biyu da talatin, me zai ragu da shi in an kai ɗari uku? Na rubuta 300. Na danna.

Kore!

Ya shigo da kofi biyu. "Ya kira ni?"

Na ce, "Ya ma sallama. Ni na taya maka ɗari uku. Ka ga yadda maza ke ciniki!"

Ya ajiye shayin. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallon wayar, har na ga leɓensa na motsi kamar mai lissafi. Ya dubi Gwaggo, ya dube ni. Can ya ce, "Ɗari uku. To. Alhamdulillahi." Ya miƙo mini kofina.

Otal ɗin kuwa, jama'a, ba a magana. Daga ƙofarsa zuwa farfajiyar Harami ko carbi ba ka gama ja ba. Ni na ɗauko Hajiya Rakiya daga Jidda, muka tura ta a keken marasa lafiya har ciki. Amma da aka buɗe ɗakin, tagar bangon wani gini take kallo. Alhaji ya ce mu jira, ya sauka wurin masu karɓar baƙi, na bi shi ina jan rigarsa.

"Alhaji, ka rufa mana asiri. A riyal ɗari uku har da zaɓen taga?"

Ya yi mini wani kallo da sai bayan shekara shida na gane shi. Ya juya ga yaron otal. Yaron ya ce masu kama ɗaki ta wannan shafin ba su da zaɓi, ɗakin da aka ba su shi ne nasu. Alhaji ya ce to a kira babbansa. Babban ya zo ya faɗi haka. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ya ustaz, matar nan ta goya ni a bayanta shekara uku tana kallon gabanta don kada in faɗi. Yau ta zo ɗakin Allah, in sa ta kallon bango? Bangon ai akwai shi a Gusau." Ya yi godiya, ya juya, ya nufi ƙofa a hankali, irin tafiyar nan tasa. Na rantse muku, bai kai ƙofar ba aka ce, "Ya Hajj! Ta'al," wato ya dawo.

Hawa na goma sha tara suka ba mu. Alhaji da kansa ya tura kekenta gaban taga, ya ja labule. Hajiya Rakiya ta hango Ka'aba. Ta ɗaga hannu biyu, hawaye na bin kumatunta, ta daɗe a haka. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Haladu, nawa ka kashe?"

"Ɗari uku, Yaya."

"Kai, Allah ya yi maka albarka. Tun kana yaro ba a cutarka a kasuwa."

Labari ya cika Mansur. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Ɗari uku." Bai taɓa ƙara kalma a kai ba, ni kuwa nake ƙarasa masa: "Riyal! Kuma ni na danna!" Shekara shida ina tsokanarsa a gabanku cewa ni na koya masa ciniki. Ina kuma yi masa gorin Gwaggo: "Ina sabon keken, sarkin rowa? Kuɗin sun yi tsatsa a banki?" Sai ya ce, "Gwaggo ba ta ce ta gaji ba."

Da ciwonsa ya yi tsanani na je duba shi a gida. Ya rame, amma idon nan na nan. Na sake jawo zancen keken don in sa shi dariya. Ya yafito ni da hannu, na matso.

"Shitu, waccan S ɗin ba ta Saudiyya ba ce."

"Wace S?"

"Mai sanda. Dala ce. Ka ninka ɗari ukunka kusan sau huɗu, sa'an nan ka ninka sau biyar. Ga kekena can a hawa na goma sha tara."

Sai a lokacin na gane lissafin allin: dala yake mayarwa riyal. Na ce, "Alhaji, me ya hana ka faɗa mini?"

"In faɗa maka ka daina zuwa shago? Wa zan riƙa yi wa dariya a zuci?" Ya yi tari, ya huta. "Ka ji gaskiya. Ni hannuna ba zai taɓa iya danna ɗari ukun nan ba. Da sai Yaya ta sauka ina ɗari biyu da arba'in. Allah ya ga haka, ya ari naka yatsan."

Na ce zan biya. Zan sayar da motata in kawo rabi yanzu.

Ya ce, "Albarka."

Na ce to duka, a hankali, wata-wata.

"Albarka."

"Alhaji, don girman Allah, faɗi abin da zan ba ka."

Ya kama hannuna na dama, ya riƙe yatsan nan, ya ce, "Na ce maka albarka, Shitu. Kai har yau ba ka jin Hausa?"

Na tashi na nufi ƙofa a hankali, ko zai kira ni. Ban taɓa ganin ya bar mai tayi ya fita ba. Rannan bai kira ba. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ya cika.

Roƙona gare ku biyu ne. Na farko, kada wani ya sa yatsa a cinikin da ba nasa ba, kuma kada ya kira mutum marowaci bai san abin da ya haɗiye ba. Na biyun, Hajiya Rakiya na nan da ranta a Gusau, har gobe tana gaya wa jikokinta yadda ƙanenta ya samo mata tagar Ka'aba a ɗari uku. Don Allah kada zancen S ɗin nan ya kai kunnenta.

Allah ya jiƙan Alhaji Haladu, ya yafe masa, ya yafe mini. Ya ba shi ɗaki a hawa na sama, wanda ba sai ya taya ba.