Farar Ƙasar Si Lazhar

Si Lazhar bai taɓa shiga gidan silima ba, amma a garin Nafta shi ake kira Sarkin Taurari. Yana da shekara talatin da ɗoriya masu shirya fim suka zo daga ƙetare, suka gina wani gari a tsakiyar rairayi, tafiyar awa biyu a amalanken jaki. Gidaje ne masu ƙubba, na katako da filasta, gabansu kamar gaske, bayansu ba komai sai tokare. Wai garin wata duniya ne can bayan taurari. Shekarar kowa ya samu abin yi, magina da teloli da masu raƙuma, har matan da ke murza kuskus. Shi ruwa yake kai musu. Rannan aka sa masa alkyabba da kan roba mai ido uku, aka ce ya gitta ta gaban kyamara. Ya gitta sau goma sha ɗaya, ya cire kan ya yi azahar, ya mayar.

Sau biyu suka sake zuwa. Ranar tafiyarsu ta ƙarshe wani Bature mai jan gemu ya dafa kafaɗarsa, tafinta ya ce wai ya kula da garin, za su dawo. Da wani ne, sallama kawai zai ɗauke ta. Si Lazhar amana ya ɗauka.

Shekara ashirin da shida yana zuwa da shebur yana kwashe yashin da iska ke tarawa a bakin ƙofofin. Da farko baƙi na zuwa ɗaukar hoto, wani har ya rungume bango ya yi kuka. A hankali ƙafa ta ɗauke. Masu zuwa duk furfura ce, 'ya'yansu kuwa ba sa ko fitowa daga mota.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Taurari, yau ma talakawanka ba su sauko ba?" Munji mai shayi ke nan, duk safiya.

"Zuba min, ka rage surutu."

"An yi kashi na bakwai na fim ɗin, an yi na takwas, duk a can ƙasarsu cikin ɗaki mai koren bango. Jikana ya ce barci ya yi a tsakiya. Mutanenka sabon labari ya ƙare musu, tsohon suke ta ɗumamawa kamar miyar jiya."

"Za su dawo."

"To, Allah ya kawo su, har da mai ido ukun."

Matarsa Galiya ba ta cikin masu dariya. Ciwon ƙoda ya kama ta, likita ya ce ta zauna kusa da babban asibiti. 'Yarsu Tauhida da ke aure a birnin Safakis, inda asibitin yake, ta gyara musu ɗaki tun bara. Galiya kuma ta rantse ba za ta tafi ta bar tsoho shi kaɗai ba.

"Malam, ƙafafuna fa sun daina shiga takalmi," in ji ta wata rana tana cire ƙwallon dabino. "Ni da gidajen kwalin nan, wa ka aura?"

"Bari a gama girbin dabino."

Aka gama, ya ce bari sanyi ya wuce. Sanyi na wucewa sai ga labari daga ofishin gari: masu fim na tafe nan da mako uku. Ya riƙe hannunta ya ce mako uku kawai. Ta dube shi, ta zare hannunta.

A Nafta ba a tarbar baƙo da bango mai datti. Ko biki ne, ko alhaji zai dawo, sai an shafe gida da farar ƙasa, an yi wa ƙofa shuɗin fenti. Si Lazhar ya dubi ƙubbobin nan sun tsattsage, sun yi kalar tsohon ƙashi, kunya ta kama shi. Ya tara tsofaffin da suka yi aikin farko, har da Munjin. Kwana tara suna liƙe tsaga suna shafe. Garin ya fito fes, yana ɗaukar ido a rana.

Manyan motoci ya yi tsammani, irin na dā. Mota ɗaya ce ta zo, da mutum uku da wani akwati mai ƙafa uku. Matar da ke shugabantarsu ta fito, ta dubi fararen gidajen, ta ɗora hannu biyu a ka.

Tafinta, wani mutumin Tunis, ya ja shi gefe. "Baffa, wa ya sa ku wannan aiki?"

"Baƙi za mu yi."

"Kango suka zo nema. A kashi na tara jarumin ya tsufa, zai koma garinsu ya tarar ya rushe. Tsagar nan da kuka liƙe, ita suka biyo tun daga ƙasarsu."

Si Lazhar ya ce, "Sai mu kankare. Kwana uku ya ishe mu."

Tafinta ya faɗa wa matar, ta girgiza kai. "Ta ce a bar shi. Suna da tsofaffin hotuna, kwamfuta za ta rusa musu."

"To masu gittawa fa? Akwai mutane, ga su nan."

"Su ma kwamfuta, Baffa."

Ko shayin da aka dafa ba su sha ba. Munji ya juye shi a yashi, ranar bai tsokani kowa ba.

Da ya isa gida ya tarar da Galiya a kwance a tsakar gida, ta jingina ƙafafu da bango. Ba ta tambaye shi komai ba, fuskarsa ta gani.

"Ina jakar tafiyar nan ta fata?" ya ce.

A Safakis likita ya duba takardunta, ya tambayi abin da ya tsayar da su shekara guda. Si Lazhar ya buɗe baki, Galiya ta riga shi.

"Ni ce na ƙi tahowa, likita. Tsoron allura nake."

Wata huɗu ta yi, Allah ya karɓi abarsa ranar wata Alhamis, Allah ya jiƙanta. Si Lazhar yana nan a ɗakin da Tauhida ta gyara wa mutum biyu. Daga masallaci sai gida. Ba ya yawan magana, in an kawo abinci yakan ce an zuba da yawa.