Ƙafafun Sandar Yaya

Ranar nan na shiga shagon yayana mai ɗaukar bidiyo ina zuba surutu, sai na yi tuntuɓe da sandar kyamararsa, na kife. Ita kuwa ta yi layi ta tsaya, don ya ɗaura mata ƙananan ƙafafu uku a gindi, da jakar yashi.

A da Dutse ake ce masa. Yakan wuni da kyamara a kafaɗa, hoto bai motsa ba. Tun ciwon bara hannunsa ke rawa. Wani ango ya dawo masa da aiki, wai kamar a kwalekwale aka ɗauka. Yanzu kafa sandar yake yi, ya ɓoye hannun a aljihu, kada kiran aiki ya ƙare gaba ɗaya.

Na ce, "Yaya, sandarka ma ta fara dogara sanda?"

Ya duƙa zai ɗaure notin ƙafar sandar da tuntuɓena ya kwance, yatsun suka ƙi.

Ya ce, "Ita na sayo mata ƙafa a kasuwa. In ka san inda ake sayar da hannu, kai ni. In ba ka sani ba, rufe min baki."