Buhun da ke bayan bangon injin Kawu

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, aikin da aka ba ni shi ne in lissafa yadda ruwan zafi ke hucewa idan iska ta ratsa shi a gicciye. A lagireto haka abin yake: ruwa na gangarowa cikin siraran bututu, fanka na jawo iska ta gefe. Na raba fuskar lagireton gida-gida a kwamfuta kamar gurbin dara, kowane gida da zafinsa. Abin da ya rage in gwada lissafin da inji na gaske.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da injin niƙa a Sabon Birni, an ɗaura masa lagireton tsohuwar mota. Da hutun bazara na yi kwana shida ina auna ruwan da ke shiga da wanda ke fita. Iskar kuwa a bakin ƙofa nake auna ta.

Lissafi da awo suka ƙi haɗuwa. Ruwan Kawu ya fi na lissafina sanyi nesa ba kusa ba. Malamin da ke duba aikina ya ce ko lissafin ya ɓaci, ko kuma a ɗaki na zauna na ƙirƙiro awon. Ya ba ni mako biyu, in ba haka ba in maimaita shekara. Na bi lissafin layi-layi sau uku, ban ga kuskure ba, sai na hau motar da ke bi ta garin Isa na koma Sabon Birni.

Ranar kasuwa ce, mata sun jera kwanonin gero da dawa. Ina tsugune da ma'aunin zafi sai na ga Kawu ya ɗebi ruwa a buta ya fita, ba kuwa lokacin salla ba. Na bi shi. Fuskar lagireton ta wata kafa take leƙawa a bangon baya, wajen turken awaki, inda ban taɓa zuwa ba. Buhun algarara ne, irin mai shan ruwa, rataye a kanta, Kawu na kwarara masa ruwa.

Na ce, “Kawu, tun yaushe ake sa wannan?”

“Tun ba ka san boko ba. Wanga zafi, kai ma ba ruwan randa kaka nema ba?”

“Har lokacin da nake awo?”

“Lokacin ma na fi jiƙa shi. Za ni bari ka kai ma malamanka labarin injina na zazzaɓi?”

Ashe iskar da ke ratsa bututun ta riga ta sha sanyin buhu, ni kuwa ta bakin ƙofa na rubuta. Na zauna a kan turmin awaki.

Da ƙyar ya yarda a cire buhun na rabin sa'a. Yana tsaye kaina, hannunsa a jikin injin, yana cewa idan ya ƙone, kwamfutar tawa ce za ta yi wa matan nan niƙa. Na auna sau huɗu. Tsakanin awo da lissafi bai kai digiri biyu ba.

Na kira malamin na yi masa bayani. Ya ce in auna da buhun ma, in ƙara babi guda a kansa. Ban maimaita shekara ba.