Hannun da ya dafa Alƙur'ani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Labbo dillalin shanu a Talata Mafara, kuma har yau akwai gidajen da in an ambaci sunansa sai a rage murya. An ce mini in bar zancen, wai mamaci addu'a yake so. Addu'a kam kullum ina yi masa. Amma ni na yi jinyarsa, ni na ji abin da aka faɗa a kansa yana raye, don haka yau sai na amayar da abin da ke cikina.

Asalin maganar wani bajimi ne. Wani makiyayi daga wajen Gidan Goga ya zo kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa, ya ga bajimin a hannun Baba, ya ce nasa ne da aka kora. Aka kai magana gaban dagaci. Wanda ya sayar wa Baba ya yi nisa da garkensa, babu mai ba da shaida, sai aka ce Baba ya rantse. Ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani da hannun dama, aka sallami kowa. Daga baya makiyayin nan, Allah ya saka masa da alheri, ya tako har ƙofar gidanmu ya ce ya ga bajiminsa a Maradun, ya nemi gafara. Waɗanda suka ga rantsuwar sun cika fili. Waɗanda suka ga neman gafarar ba su wuce mu 'yan gida ba.

Ba a rufa shekara biyu ba hannun daman Baba ya fara rawa. Yana zaune zai riƙa karkarwa a kan cinyarsa kamar mai jan carbi. Tafiyarsa ta koma jan ƙafa, muryarsa ta yi ƙasa, fuskarsa ta daskare, mutumin da a da ake jin dariyarsa daga bakin kara. Shi ke nan, gari ya samu abin yi. Wai rantsuwa ce ta ci shi, ga hannun da ya dafa littafin Allah nan yana ba da shaida. Fuskar da ciwo ya ɗaure kuwa aka ce kunya ce ta hana shi fara'a.

Ni da yayana Sani muka kai shi asibiti a Sakkwato. Likita ya ce sunan ciwon Fakinsan, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana kama malami yana kama jahili, kuma yakan fara ne ta gefe ɗaya na jiki. Aka ba shi magani, rawar ta ragu. Likitan ya kuma ja kunnenmu cewa wasu masu ciwon, in an daɗe, yakan taɓa tunaninsu. Mun dawo mun faɗa wa duk wanda ya zo dubiya. Suka gyaɗa kai, suka ce Allah ya ba da lafiya, suka fita suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Abin da likita ya faɗa ya zo. Ba mantuwa ce ta fara ba, kamar yadda muka saba gani a gigin tsufa. Sunayenmu bai ɓace masa ba sai can ƙarshe. Tunanin ne ya yi nauyi. Ka yi masa tambaya, sai ka gama cin tuwo amsa ta fito. Mutumin da yake kallon bajimi sau ɗaya ya faɗi naman da zai fitar, ya koma in zai yi alwala sai ya wanke fuska ya tsaya riƙe da buta, bai san me ke biye ba. Ya miƙa hannu ga ƙwarya ya dafa tabarma. Da hantsi ya yi hira garau har ya tsokani jikoki, kafin la'asar ya zura ido ga bango kamar ba ya ɗakin. Akwai ranar da ya dubi Sani ya ce wannan ba ɗansa ba ne, wani ne ya sa rigarsa. Sani ya fita bayan gida ya yi kuka, da gemunsa da komai.

Sai kuma gane-gane. Wanda ya yi rayuwarsa cikin shanu me zai gani in ba shanu ba? Wata rana da rana tsaka, mata sun zo dubiya sun cika ɗaki, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku kore shanun ga, sun shigo mini ɗaka." Na ga matan sun dubi juna. Kafin magariba magana ta kai Bakura, gidan mijina. Wata tsohuwa ta ce da ni a gidan suna, ko kunyar idona ba ta ji ba, "Ɗiyata, haƙuri za ki yi. Shanun da yac ci na ka bin shi."

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya har da jikoki. Abokan da suka ci arziki a inuwarsa suka ɗauke ƙafa. Wanda ya yi alkawarin auren ƙanwata ya janye, wai ba ya haɗa jini da gidan da rantsuwa ta ci. Ranar jana'iza kuwa sai ga su sahu-sahu, kowa na cewa Malam Labbo mutumin kirki ne. Na ji su daga cikin gida, raina ya ɓaci har na kasa amsa gaisuwa.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce in ya ga yau. Yanzu a yankinmu garke guda ake korawa, kowa ya san inda shanun ke bi, kowa ya san masu saye. Suna rantsuwa safe da yamma, hannunsu ko gezau, su ne a sahun gaba a masallaci. In da rawar hannu ce alamar ɓarawo, da wasu ko kofin shayi ba za su iya riƙewa ba. Na san Baba, dariya zai yi. Ni ban kai shi haƙuri ba. Kwanan nan na ji an fara irin wannan raɗa a kan wani tsohon mahauci a Birnin Tudu, shi ma jikinsa na rawa, shi ma ya fara ganin mutanen da babu su. Wai kilo ya tauye. Iyalansa, don Allah ku kai shi asibiti, ku toshe kunnenku. Masu raɗa kuma ku tuna zato zunubi ne, kuma babu wanda ya karɓi takardar cewa zai tsufa da hankalinsa.

Me ya rage na Baba? Garke ya watse, rumfarsa a kara wani ke zama. Sunansa kawai ya rage, shi ne kuma abin da aka fi yi wa rauni. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau. Mun ɗauka ba ya jin abin da ake cewa. Ashe yana ji. Ana saura kwanaki ya rasu, wata safiya da hankalinsa ya dawo tas, ina ba shi kunu, ya riƙe mini hannu. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, hwaɗa mini gaskiya. Ni ban tuna ba. Wai ƙarya niy yi?"

Ciwo ya cinye masa tunani, mutanen gari suka cika gurbin da maganarsu, har mai gaskiya ya koma tambayar 'yarsa ko shi maƙaryaci ne. Ciwon na yafe masa, ƙaddara ce. Wannan kuwa ban yafe ba. Na ba shi amsa a ranar, amma kafin in rufe baki idonsa ya koma bango, ban san ko ta shiga ba. Shi ya sa nake sake faɗa a nan, inda waɗanda suka cika fili za su ji: Baba, ba ka yi ƙarya ba.