Hoton Habboba da Ya Dawo

Zan iya manta ranar da na fara riƙe kyamara, zan iya manta ranar da na buɗe shagona, amma safiyar da na ɗauki kakata hoto a bakin rumfar gidanmu tana nan a zuciyata har in koma ga Mahaliccina. Na ɗauki fuskoki bila adadin bayan wannan. Ita kaɗai ce har yau idan ta faɗo mini a rai sai in ji abinci ya fita kaina.

A lokacin ina saurayi a nan Sudan, shekarun da tsararrakina ke tururuwa Damazin aikin madatsar ruwa. Ni kuwa ban iya ɗaukar siminti ba, tsintar auduga ma a gonarmu ta kusa da Wad Haddad sai mahaifina ya yi ta fama da ni. Na gudu birnin Madani na yi wata bakwai ina shara da wankin kwanukan maganin wanke hoto a shagon wani mai hoto. Da na dawo, na dawo da wata tsohuwar kyamara mai kamar akwati, wadda ake leƙawa ta sama, fim ɗinta hoto goma sha biyu yake ci. Na kuma dawo da girman kai wanda ya fi kyamarar nauyi.

Ƙauyenmu babu lantarki, don haka rana ce fitilata. Da ƙona fim na koyi halinta. Idan ta take tsaka sai ta haƙa wa mutum ramuka a ido, ta mayar da farar jallabiya fili fetal babu ko alamar ɗinki. Idan ta bugi fuska ta gefe sai ta tono duk wani layi da tabo da ke jikin fata. Amma in ka zaunar da mutum da hantsi a bakin inuwa, ya fuskanci sarari, ka shimfiɗa farin zanen gado a ƙasa gabansa, hasken zai taso ya wanke fuskar ta yi sumul. Wannan dabara ta ƙarshe ita ce abin taƙamata.

Wani abokina tela ne ya fara ba ni aiki. Yana ɗinki, yana kuma sayar da tob, lulluɓin nan na matan Sudan. Ni in ɗauki ƙannena da 'ya'yan baffanninmu sanye da sababbin yayi, shi ya manna hotunan a bangon shago, masu saye su zo su nuna da yatsa. Cikin wata uku na zama abin kwatance. 'Yan mata suna cewa hotona yana mayar da mutum ɗan birni, ni kuma kaina ya ƙara kumbura.

Gara in faɗi gaskiya tun da tsufa ya zo. A Madani na sha jin yadda ake yi da mutanenmu da suka zo daga yamma, ana kwaikwayon Larabcinmu, ana nuna tsagar fuskar iyayenmu da baki. Abin ya zauna mini a ciki. Duk wanda ya zauna gaban kyamarata, burina in fitar da shi yadda ba wanda zai kalle shi ya ce daga yamma kakanninsa suka zo.

Kakata, mahaifiyar babana, muna ce mata Habboba, wato kaka da Larabcin nan. Tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Sakkwato da ƙafa, da niyyar Makka, tafiyar da ta ƙare a bakin kogin da ƙauyenmu yake. Sun baro wanta a hannun baffansu saboda miki da ya hana shi taka ƙasa, a kan za a dawo a ɗauke shi. Ba a koma ba. Tana da tsagar gidansu a kumatu biyu, kuma a na hagu akwai guda da ta karkace ta nufi kunne, don ta fizge kai lokacin da wanzami ke aiki. Ni ne jikanta na wasa. Tana kirana maigida, ni in ce na sake ta na auri 'yar Madani, ta ce sai dai in ci tuwon Madani.

A kakar audugar wannan shekara wani alhaji mai komawa gida ya sauka ƙauyenmu yana tsinta don ya haɗa guzuri. Ana hira sai aka gano garinsu maƙwabcin na su Habboba ne. Ya ce akwai wani dattijo mai ɗingishi a can, duk alhajin da ya dawo sai ya je ya tambaye shi ko ya ga ƙanwarsa da aka tafi da ita gabas. Ya faɗi sunan uwa da na uba, duk suka yi daidai. Habboba ba ta yi kuka a gaban baƙo ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Saura kwana huɗu lorin alhajin ya tashi ta kira ni.

"Maigida, abin ga naka da ka kama mutum cikin takarda, shina kama tsohuwa?"

Na ce, "Ya Habboba, har budurwa yake mayar da ita."

"Ni ba budurwa nika so ba. Ka ɗauke ni yadda nike, a kai ma wana shi gani."

Washegari da hantsi akwai aikin tela. Fim ɗaya gare ni, kuma sai an je Madani ake samun wani. Mai hankali da tsohuwar zai fara. Ni sai na fara da 'yan mata, wannan ta juya, waccan ta riƙe gefen tob, ana shewa, har na cinye goma. Sannan Habboba ta fito.

Ta ɗaura wani baƙin zanen saƙi mai ratsin ja a baki, wanda ban taɓa gani ba, ashe na mahaifiyarta ne, yana ƙasan akwati tun kafin a haifi babana. Ta yi ɗaurin kallabi irin na mutanen da, kumatunta duka a waje. Warin ajiya na tashi daga zanen. 'Yan matan suka kalli juna suna ƙunshe dariya, ni kuma kunya ta rufe ni kamar ni aka yi wa.

Na ce, "Haba amarya, haka za a kai ki yamma? Su ce muna nan cikin wahala? Bari su ga yadda Sudan ta karɓe ki."

"Da zanen ga yas san uwarmu."

"Halas, shi ke nan, za mu yi biyu. Ɗaya da tob, ɗaya da naki."

Na karɓo farin tob na matar yayana, 'yan matan suka naɗa mata shi ya rufe saƙin ruf. Na jawo gefensa da hannuna ya sauko kan kumatun hagu. Na juyar da ita ta fuskanci sarari, na shimfiɗa farin zanen gadona a gabanta. Da na leƙa gilashin sai na ga tsagar ta dushe, fuskar ta yi luf, na ji daɗi har cikin raina. Na danna, ta ƙifta ido. Ban tsaya tunani ba na murɗa fim na sake dannawa. Sai da yatsana ya sauka na tuna wannan shi ne na goma sha biyu.

Ta warware tob ɗin da kanta, ta gyara kallabi, ta juya mini kumatun hagu, ta miƙe zaune kamar yarinyar da aka kai makaranta ranar farko. Ina da damar in ce, Habboba fim ya ƙare, ki ba ni kwana ɗaya. Amma 'yan mata na tsaye suna kallon gwani. Na sunkuya na leƙa, na ce kar ki motsa, na danna kyamarar da na san babu abin da za ta kama. Na ce, "Tamam."

A Madani ma ban tsaya nan ba. Da aka wanke fim na ga sauran inuwar tsaga a kumatun dama, sai na roƙi tsohon maigidana mai hoto ya bi ta da fensirin gyara, ya kuwa bi ta tas. Na dawo na ce mata na saƙin ya ƙone a wanki. Ta karɓi na tob ɗin ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta daɗe tana dubawa.

"Wagga kyakkyawa ta. Ɗiyar wa ta?"

Aka yi dariya, har da ni. Liman ya rubuta wasiƙa da ajami, aka haɗa da hoton aka ba alhaji.

Daga nan Habboba ta shiga jira. Duk lorin da ya tsaya a bakin hanya sai ta aika a dubo. Ta fara tara kuka da kuɓewa busassa wai ko wani daga cikin 'ya'yan wanta zai biyo alhazai. Damina ta wuce, wata daminar ta sake wucewa. Ni kuwa kasuwa ta buɗe mini, ana kirana har Dindir ɗaukar angwaye, na manta da zancen.

Amsar ta zo a hannun wasu maniyyata. Ashe alhajinmu bai kai gida a shekarar ba, ciwo ya tsayar da shi a hanya, sai ya ba wani matafiyi saƙon, wanda bai taɓa ganin Habboba ba. Liman ya zo gida da kansa ya zauna a rumfa, muka kewaye shi. Da ya buɗe takardar sai hotona ya faɗo kan tabarma.

Dattijon ya yi gaisuwa da godiya. Ya ce sunayen da aka rubuta daidai ne, amma sunaye ya faɗa wa duk alhajin da ya ratsa garinsu, kuma sau biyu ana zo masa da labarin da ba shi ne ba. Ya ce akwai alama guda a fuskar ƙanwarsa da bai taɓa gaya wa kowa ba, ya duba hoton nan da idonsa, ya sa jikokinsa sun duba, babu ita, babu ma tsagar gidansu. Ya ce wannan baiwar Allah Balarabiya ce, ga hotonta nan ya mayar don kar ya riƙe abin da ba nasa ba, Allah ya sada ta da danginta.

Na ga hannun Habboba ya tashi a hankali ya sauka kan kumatunta na hagu, yatsarta tana bin karkatacciyar tsagar nan har kunne. Ban taɓa jin na tsani kaina irin wannan rana ba.

Da mutane suka watse na durƙusa gabanta na faɗa mata komai, da fim ɗin da ya ƙare, da fensirin Madani.

Ta ce, "Na sani. Dut wadda kaɗ ɗauka sai ka murɗa kunnen abin. Ni da nis sa zanena ba ka murɗa ba."

"To don me ba ki yi magana ba, Habboba?"

"Gaban ɗiyan mutane? In ce maigidana maƙaryaci na?" Sannan ta ce, "Na ɗauka jini shina gane jini ko cikin tob. Shekara sittin ina ɗauke da wasiƙata ga huska, kai kuma ka shahe ta da hantsi guda."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi.

A makon na je Madani na sayo fim, na ƙarar da goma sha biyun duka a kanta. Na zaunar da ita da zanen saƙinta yadda rana za ta bugo ta gefe, hasken da na saba gudu. Kowace tsaga ta fito raɗau, karkatacciyar har da ɗan reshenta. Ta zauna mini ba musu, amma ba ta miƙe kamar wancan karon ba. Muka ba alhazan farko da suka biyo ta garinmu.

Saƙon ya isa, sai dai ya tarar an yi arba'in ɗin dattijon. Babban ɗansa ne ya rubuto. Ya ce suna buɗe hoton matan gidan suka fashe da kuka, don fuskar babansu ce sak, kuma a jinyarsa ya gaya musu zancen tsagar hagu. Ya ce har dattijon ya cika yana cewa ƙanwarsa ta mutu a hanyar Makka tun tana yarinya, yana yi mata addu'ar mamata.

Habboba ta yi shekara uku bayan haka. Ba ta canza mini fuska ba, tana ajiye mini ƙanzo kamar kullum, amma ba ta ƙara kirana maigida ba. Da sunana take kirana, kamar kowa.

Na yi shekara arba'in ina wannan sana'a. Na ɗauki amare da 'yan kwalisa, na kuma yi amfani da farin zanen gadon nan sau da yawa, don mai son a wanke masa fuska haƙƙinsa ne. Amma tun daga ranar ban sake danna kyamara ba sai na tambayi mutum wa zai kai wa hoton, kuma me yake so a gani. Abin da na koya ke nan, a makare: fuskar da ke gabanka ba taka ba ce, amana ce aka ba ka na ɗan lokaci, kuma abin da kake jin kunyarsa a jikin naka wataƙila da shi kaɗai danginsa za su gane shi. Hotunan biyu suna nan a ɗakina. Baƙi kan nuna na tob su ce kai, wannan ya yi kyau, wace ce? Sai in nuna musu na saƙin in ce wannan ce kakata.